Ƙarfen da ke Ƙugun Baba Mai Tanki

Bangon da ya raba ɗakinta da nasu ba shi da kauri, kuma ba ya riƙe sirri. Mai Gwaji tana tsaye tana goge farar rigar aikinta da safe ta ji an dangwarar da bokiti a ɗaya ɓangaren, sai ga muryar Yaya Babba, 'yar farin Baba Mai Tanki.

"Baba, waɗannan tsummokaran fa? Dubi abin da ke jikinsu!"

"Ajiye min kayana. Wa ya aike ki ƙarƙashin gado?"

"Wari ne ya aike ni. Tun daga matakala yake yi min sannu da zuwa. Wato ƙugun nan ya fashe yana zubar da ruwa, shi ne ka yi gum da bakinka?"

"Gumi ne."

"Gumi rawaya, Baba? Ni za ka mayar yarinya?"

"Ke dai kin iya neman magana da sassafe. Sau uku likita yana zuƙo ruwan ƙugun nan da allura, sau uku takarda na fitowa babu komai. In ba ki yarda da ni ba, ga maƙwabciya nan, buga mata bango. Ita ta sa hannu."

Mai Gwaji ta ɗaga dutsen guga daga kan rigar ta tsaya. Ba ƙarya ya yi ba. A ɗakin gwaji na asibiti take aiki, inda ake shuka ruwan jikin marasa lafiya a kan 'yan faranta masu murfi, a sa a akwatin ɗumi, a jira a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro. Sau uku ruwan ƙugun dattijon ya biyo ta hannunta. Sau uku ta rubuta cewa babu abin da ya tsiro. Yau ga shi ya ɗauki sa hannunta ya kare kansa da shi, ita kuwa a can ƙasan ranta ta daɗe da sanin akwai abin da bai zauna daidai ba.

Duk wanda ke gidan benen nan ya san Baba Mai Tanki, ko da yake rabinsu ba za su iya faɗin kalar idonsa ba. Tun yana saurayi sana'arsa ɗaya: ya hau rufin gidaje da tsani a kafaɗa, da buroshi mai dogon hannu, da gwangwanin farar hodar kashe ƙwayoyin cuta, ya zubar da ruwan tanki, ya shiga ciki ya kankare. Shekara arba'in yana wannan. Yakan ce ya fi kowa sanin garin, sai dai daga sama ya san shi: ya san gidan da ake shanya kayan jarirai, ya san inda aka daina shanyawa, ya san rufin da tattabaru suka yi wa yaji. In ya samu mai saurare, sai ya shiga labarin cikin tanki, yana lumshe ido. Wai in ka sauka ka ja murfi rabi, haske yakan ziro kamar igiya, ƙura na yawo a cikinsa a hankali, kuma numfashinka ma yana dawo maka da amsa. Wai a nan ne kawai yake jin muryarsa tana da girma.

Shekara shida da suka wuce tsani ya zame da shi a kan jiƙaƙƙen rufi. Ƙashin ƙugu ya ƙi haɗuwa, aka yi masa tiyata aka sa na ƙarfe. Ya tashi ya koma hawa, yana ɗan ɗingishi, yana yi wa mutane barkwanci cewa yanzu shi ma rabinsa kayan gini ne. Bayan shekara biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matarsa, ya tafi da hannunta na dama da kusan duk maganarta. Tun daga ranar, shi ke yi mata wanka, shi ke taje mata kai, shi ke juya ta a gado, shi ke ba ta abinci. Mutuniyata yake ce mata. 'Ya'yansu huɗu ne, uku suna nesa, Yaya Babba ce kawai a garin, tana koyarwa a makarantar yara, tana leƙowa duk bayan kwana biyu da leda a hannu da faɗa a baki.

A bara ƙugun ya fara ciwo. Likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya ga ƙarfen ya fara sakin jikin ƙashi, ya yi zargin ƙwayoyin cuta sun zauna a kai. Amma kafin ya buɗe dattijo ya ciro ƙarfe, ya kwantar da shi wata uku, yana son ya ga shaida. Shaidar kuwa a hannun Mai Gwaji take, kuma ta ƙi fitowa.

Ranar da ta ji faɗan nan, ta wuni a wurin aiki kamar wadda aka aro. Tana buɗe akwatin ɗumi, ɗumin na bugun fuskarta, tana duba faranta ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, amma hankalinta na kan na dattijon. Sun cika tsafta. Ƙugu mai zafi da kumburi irin nasa, a ce ko ɗigo bai tsiro ba har sau uku? Sai kuma ta tuna abin da ta sha gani a kwandon sharar da suke tarayya a ƙofar ɗakunansu: fankon katin kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ja da rawaya, a murɗe. Ta gan su, ta ga farantan, ta ƙi haɗa su wuri ɗaya.

Ta san dalili, in za ta faɗa wa kanta gaskiya. Aikinta aikin mugun labari ne. Takardunta suna tafiya wurin mutanen da ba ta taɓa gani ba, su sa su kuka a ɗakunan da ba ta shiga. Shi kaɗai ne take iya tarewa a matakala ta ce, "Baba, babu komai," ta ga fuskarsa ta washe, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan." Ba ta da uba a garin nan. Albarkar ta yi mata daɗi, ta kuwa saye ta da rufe ido.

Ranar hutunta ta ji ƙarar ruwa na kwarara a bututun bayan gida, ta gane an buɗe tankin gidansu. Ta hau matakala har rufi. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, garin yana shimfiɗe ta ko'ina da tankunansa baƙaƙe da shuɗɗa, kowanne zaune a kan gidansa kamar tsoho mai jiran baƙi. Tsanin Baba yana jingine. Ta taka ta leƙa.

Yana can ƙasa, ruwa iya idon sawu, ya jingina nauyinsa duk a ƙafar hagu.

"Wa ya tare min haske?" Muryarsa ta zagaya tankin kafin ta fito.

"Ni ce, Baba. Sannu da aiki."

"A'a, manyan asibiti! Yau kuma mu aka zo gwadawa? To leƙo da kyau ki ga karatu." Ya goga yatsa a bangon tankin ya ɗago mata. Wani abu ne mai yauƙi, ruwan toka, yana sheƙi. "Kin ga ruwan da na zubar ɗazu? Garau yake kamar hawaye. Ki ɗiba ki kai wajenku, da ƙyar ki samu wani abu. Abin ba a cikin ruwa yake ba, a jikin bango yake. Ya yi wa kansa bargo ya lulluɓa."

"Hoda ba ta kashe shi?"

"Hoda?" Ya yi dariya, tankin ya taya shi. "Hoda na kashe na yawo ne kawai, marasa gida. Wannan sai dai ta shafi bayansa ta wuce. Sai an zubar da ruwa, an shigo, an kankare. Amma masu gidaje ba sa son wannan, wai gida zai wuni babu ruwa. Abin da suke yi, in sun ji duba-gari zai zo ɗibar ruwa, sai su kira ka ana saura kwana ɗaya, ka zuba hoda ka juya. Duba-gari ya zo ya cika kwalbarsa, ruwa ya ci jarrabawa, kowa ya yi murna. Kwana goma, ya koma yadda yake."

"Kai ma ka taɓa yi, Baba?"

"Wanda bai taɓa yi ba, bai yi sana'ar nan ba."

Ta ɗora haɓarta a bakin tankin. Wata tattabara ta sauka a kan bututu ta sake tashi.

"Baba, ana saura kwana nawa a yi maka allura kake fara shan kafso?"

Buroshin ya tsaya.

"Biyar," ya ce. "Safe da yamma."

"Wato ni ce duba-garin."

"Ban so ya zama ke ba, 'yar nan. Sai da aka yi na farko na ga sa hannunki."

"Na biyu da na uku fa?"

Ya kama tsanin ciki ya hauro a hankali, yana jan ƙafar dama kamar ba tasa ba, ta riƙe masa hannu har ya zauna a gindin tankin, cikin inuwa. Ta zauna kusa da shi. A nan ta ga inda wandonsa ya jiƙe a ƙugu, kuma ba ruwan tanki ba ne.

Ta so ta yi masa faɗa, amma abin da ya fito daga bakinta daban. Ta shiga ba shi labarin abin da ke kan ƙarfensa, a hankali, kamar mai ba da labarin wata ƙasa da ta taɓa zuwa. Ta ce jini ba ya ratsa ƙarfe, don haka masu tsaron jiki ba sa isa wurin sosai. Ƙwaya ɗaya ko biyu su samu su manne, su haihu, su fitar da danƙo su rufe kansu, irin wanda ya nuna mata a yatsa. A ciki har da 'yan hanyoyin ruwa suke bari. Na sama suna ci suna haihuwa, na can ƙasa kuwa sun yi luf kamar masu barci, magani ya zo ya wuce bai same su a farke ba.

"Kuma suna ƙirga junansu," ta ce.

Ya juyo. "Ƙirga? Da wane bakin?"

"Ba baki. Kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan abu, ka ce ƙamshi. In su kaɗan ne, ƙamshin ya watse, kowa ya yi shiru da abinsa. In sun yi yawa, ƙamshin ya taru ya yi ƙarfi, kowa ya ji cewa yanzu fa mun kai. Sai su canza hali a tare. Wasu su fara sakin dafi, wasu su ɓalle su shiga neman sabon wuri."

Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a ƙugun, ya lumshe ido kamar yana sauraro. Fuskarsa ba ta tsoro ba ce, ta mamaki ce.

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina kankare su, ashe hira na katse musu." Ya yi wani guntun murmushi. "Haka 'ya'yana suke. In ɗaya ta zo, ta yi faɗanta ta tafi, ba na damuwa. Amma suna can suna buga wa juna waya. Wancan watan suka ji sun cika huɗu."

"Me suka yanke?"

"Ranar da aka kwantar da ni, babban ɗana zai zo da mota ya ɗauki uwarsu ya kai ta gidansa, tafiyar wuni guda. Wai kafin in warke. Na san irin wannan kafin ɗin. Ba za a dawo da ita ba. Za su ce ai Baba da sanda yake tafiya yanzu, ya za a yi ya ɗaga ta?" Ya kalli garin. "To in takarda ta ce babu komai, wa zai kwantar da ni?"

Mai Gwaji ta ji tausayinsa ya cika ta, amma ba ta bar shi ya tsaya nan ba. Ita da ta gama tone nata ran, ba ta ga dalilin da za ta ƙyale nasa ba.

"Baba, don Mama kake yi, ko don kanka?"

Ya kalle ta da idon da ya sa ta kusa janye maganar. Sannan kafaɗunsa suka sauka.

"Ke ba ki da kunya, 'yar nan."

"Kaɗan ce da ni."

"Ba wanda ya taɓa buɗe famfo ya tuna da ni," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ita ma da tana da lafiya, in na dawo ta ce ga abinci can, ta ci gaba da hirarta. Ba laifinta ba ne, ni ɗin ba mai cika ɗaki ba ne. Amma yanzu, in na tashi zan shiga banɗaki, idonta na bin bayana, yana nan a kan ƙofar har in fito. Ban san akwai irin wannan daɗin a duniya ba. Kuma wallahi kunyar daɗin nake ji, don da ciwonta aka ba ni shi."

Iska ta ɗaga wani zanen gado da aka shanya a rufin maƙwabta ta sake shi. Mai Gwaji ta faɗa masa sauran, ba tare da ta sassauta ba. Ramin da ya fashe a ƙugunsa hanya ce daga ƙarfen zuwa waje, kuma ba zai rufe don kafso ba. In waɗanda suka ɓalle suka shiga jini, maganar wata uku ta ƙare, Mama za ta yi ta kallon ƙofar da ba za a buɗe ba.

"Kai ka faɗa da bakinka," ta ce. "Sai an zubar, an shiga."

"Na faɗa a kan tankin mutane."

"Ba ni kafson, Baba. Gobe zan gaya wa likita abin da ka yi, da abin da ni ma na gani na yi shiru. Maganar Mama kuma ka bar ni da Yaya Babba."

Bai ba ta a rufin ba. Sai da yamma ta ji an ƙwanƙwasa, ta buɗe ta tarar da kafson a ƙullin leda a rataye a hannun ƙofa, shi kuma har ya shige.

Da Yaya Babba abin ya zo da sauƙin da ba ta zata ba. A matakala suka tsaya, leda a hannun malamar. Mai Gwaji ta ce za ta nemi a mayar da ita aikin yamma, ta riƙa zama da Mama daga safe har a tashi daga makaranta, in Yaya Babba za ta dawo ɗakin da zama. Malamar ta ajiye ledar a ƙasa.

"Kin san shekara huɗu Baba bai bar ni na wanke wa uwata fuska ba? Ko ɗankwali na ɗaura mata sai ya kwance ya sake. Kina tsammani ni nake son a kai ta can? Na dai ga in tana gidan ƙanena, in na je zan samu in taɓa ta." Ta share ido da bayan hannu, ta yi tsaki. "Bar ni da su. Ni na goya su duka, zan ga wanda zai kawo mota."

Likita ya ce a jira mako biyu babu ko ƙwayar magani, don a san ainihin wadda za a yaƙa. Makonni biyun sun yi wa dattijon tsawo. Ƙugun ya kumbura, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, tsaninsa na jingine a lungu. Ta bango Mai Gwaji takan ji shi yana yi wa matarsa hira, yana ba ta labarin wani gari da ke cikin jikinsa, mai hanyoyin ruwa da mutanen da ke gane juna da ƙamshi. Mama takan yi wani sauti a maƙogwaro, wanda shi kaɗai ya san dariya ce.

Aka zuƙo ruwan karo na huɗu. Kwana biyu bayan nan ta buɗe akwatin ɗumi ta ɗaga farantinsa a gaban fitila. Ga su nan, ɗigo-ɗigo, zagayayyu, ruwan zinare, sun bazu har gefe. Ta daɗe tana kallonsu. Wannan ne mugun labari na farko da ta rubuta hannunta bai yi nauyi ba.

Safiyar da za a kwantar da shi, ta shiga ɗakin ta tarar ya riga ya yi wa Mama wanka, ya taje mata kai, ya jingina ta da matasai biyu tana fuskantar taga. Yaya Babba ta sauka da jakarsa tana kiran mai mota a waya. Ya sunkuya ya faɗa wa matarsa wata magana a kunne, ya gyara bargon da ba ya buƙatar gyara, ya ɗauki sandarsa. Mai Gwaji ta zauna a bakin gadon, ta jawo kwanon abincin da ya haɗa ya rufe, ta ɗauki cokali.

Har ya kai ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, sai ya juyo. Bai kalli matarsa ba, hannun Mai Gwaji ya kalla.

"Ba haka ba, 'yar nan. Ba ta buɗe wa cokali mai sanyi baki. Ki riƙe shi a tafinki tukuna, sai ya ɗauki ɗumin jikinki."